Itace a Gonar Aro: Sharhi kan Wasiƙun Koke ga Kamfanin Unity

Wasiƙar koke tsohon nau'in rubutu ce, ko da yake ba kasafai masu nazarin adabi suke waiwayarta ba. Talakawa sun rubuta wa sarki, ƴan kasuwa sun rubuta wa magajin gari, masu sauraro kuma har gobe suna rubuto wa gidajen rediyo idan aka sauya lokacin shirin da suke so. Duk inda ka gan ta siffarta ɗaya ce: na ƙasa ne yake magana da na sama, yana so a ji shi, yana kuma tsoron kada a ce masa ga hanya nan. A watan Satumba na 2023 an yi ruwan irin waɗannan wasiƙu a wata sana'a wadda masu yin ta suke nesa da mu, amma kayanta suna cikin wayoyin ƙannenmu da ƴaƴanmu. Masu haɗa wasannin waya da na kwamfuta ne suka taso wa kamfanin Unity, mai manhajar da suke aiki da ita, a kan inda yake neman kai ta. Waɗannan wasiƙu nake so mu duba tare, mu ga abin da suka faɗa daidai, da inda alƙalami ya zame, da dalilin da ya sa aka saurare su alhali an yi kunnen uwar shegu da wasu da suka riga su kuka.

Sai mun fara sanin kayan aikin kafin mu gane rigimar. Wanda zai haɗa wasa ba ya faro komai daga tushe. Akwai ayyukan da kowane wasa yake buƙata: zana hoto a fuskar waya, sa abu ya faɗo ƙasa idan an sake shi, fitar da sauti, gane inda yatsa ya taɓa. Manhajar da ta tattara waɗannan ayyuka ita ake kira injin wasa. Mai haɗawa ya kawo labari da zane da dabara, injin ya ɗauki sauran wahalar. An kafa kamfanin Unity a Kopenhagen, babban birnin Danmak, a 2004, injinsa ya fito a 2005, daga baya hedikwatar ta koma San Faransisko a Amurka. Subway Surfers da yara suke gudu a kan jirgin ƙasa, da Pokémon Go, da Call of Duty na waya, da Among Us, duk da shi aka gina su. Wani ɓangare na injin kuma yana tafiya a cikin kowane wasa har zuwa wayar mai bugawa, domin in babu shi wasan ba zai motsa ba.

Tsohon ciniki mai sauƙi ne. Wanda kuɗin shigarsa bai kai dalar Amurka 100,000 a shekara ba, kyauta yake aiki da injin. Wanda ya wuce haka ya biya lasisi na shekara a kan kowane ma'aikaci da yake zama gaban manhajar. Abin da wasa ya kawo kuwa na mai wasa ne, kamfani ba shi da rabo. Babban abokin hamayyarsa, injin Unreal na kamfanin Epic, yana karɓar kashi 5 cikin 100 bayan wasa ya haura dala miliyan 1. Wannan bambanci ya ja dubban ƙananan masu haɗa wasa zuwa Unity. Suka shafe shekaru suna koyon sirrinsa, suka ɗauki ma'aikata da suka ƙware a kansa, makarantu suka sa shi cikin darussansu.

Ranar 12 ga Satumba, 2023, kamfanin ya sanar cewa daga 1 ga Janairu, 2024, zai fara karɓar kuɗi a kan saukewa. Wato duk lokacin da wani ya saka wasan da aka haɗa da Unity a wayarsa ko kwamfutarsa, wanda ya haɗa wasan ne zai biya. Ga masu ƙaramin lasisi, kuɗin senti 20 ne na dalar Amurka (ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba), kusan sefa 120 a canjin lokacin. Zai fara hawa kan mutum idan wasansa ya kawo dala 200,000 cikin wata 12, aka kuma sauke shi sau 200,000 tun fitowarsa. Masu babban lasisi sai sun kai dala miliyan 1 da saukewa miliyan 1, farashinsu kuma yana raguwa gwargwadon yawan masu saukewa. An yi rangwame ga saukewar da aka yi a ƙasashe masu tasowa, senti 2 ga masu ƙaramin lasisi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dokar za ta hau har kan wasannin da suka daɗe a kasuwa. Ba za a caji saukewar baya ba, amma za a ƙirga ta wajen cika iyaka, duk sabuwar saukewa kuma a biya.

Mu ɗauki misali don lissafin ya fito. Wasa ne na kyauta, da talla yake ci. A ce kowane mutum da ya sauke shi a Turai ko Amurka yana kawo wa mai shi senti 10 kafin ya gaji ya goge. Bayan wasan ya cika iyaka, sai mutum miliyan 2 suka ƙara saukewa. Mai wasa ya samu dala 200,000, ana bin sa 400,000. Gaskiya ne yana iya tsere wa wannan ta hanyar sayen babban lasisi, amma ko a can bai san abin da za a rubuto masa a ƙarshen wata ba, domin kamfanin ya ce da nasa salon ƙiyasi zai ƙirga saukewar, bai kuma bayyana salon ba. Da farko ma ya ce idan mutum ya goge wasa ya sake sakawa za a ƙirga sau biyu, kafin ya janye wannan cikin gaggawa. To, wanda ya saci wasa fa? Maƙiyi da zai yi ta saukewa da gangan don ya karya abokin gabarsa fa? Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu cajin waya a Maraɗi ko Damagaram ya san yadda wasa yake yawo: mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender, goman su tura wa ɗari, babu wanda ya leƙa kantin manhajoji na Google. Wa zai ƙirga waɗannan, wa kuma zai biya?

Adalci ne mu ji ta bakin kamfanin ma. Tun da ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyu Yok a Satumban 2020 bai rufe shekara da riba ba. A 2022 kaɗai ya yi asarar sama da dala miliyan 900. Ya kashe kimanin dala biliyan 1.6 wajen sayen sashen fasaha na Weta Digital a 2021, ya kuma haɗe da kamfanin talla na ironSource a 2022 a cinikin dala biliyan 4.4. Kula da inji irin wannan yana cin albashin dubban ma'aikata, ga shi a tsohon tsari wasa zai iya kawo miliyoyi masu yawa, rabon mai inji bai wuce kuɗin lasisi ba. Kamfanin ya kuma ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da shi sabon cajin ba zai taɓa su ba. Neman ƙarin kuɗi ba laifi ba ne, kuma wasiƙun da suka fi hankali sun yarda da haka.

Rubuce-rubucen da suka fara fitowa na zafin rai ne da ba'a. Kamfanin Massive Monster, mai wasan Cult of the Lamb, ya ce jama'a su yi maza su saya domin ranar 1 ga Janairu zai goge wasan, daga baya ya ce raha yake yi. Innersloth, masu Among Us, sun fitar da gajeriyar sanarwa cewa abin zai cutar da su da sauran ƴan sana'a, zai kuma jinkirta sababbin abubuwan da masu buga wasansu suke jira. Irin wannan rubutu yana da amfaninsa: shi ya kai labarin ga kunnen miliyoyin masu buga wasa da ba su taɓa jin sunan Unity ba. Amma ba'a ba ta ba wa wanda ake yi wa ita abin da zai amsa. Wanda ya fi su dabara a wannan rukuni shi ne ƙaramin kamfanin Aggro Crab, da ya kawo lissafi. Ya ce wasansa mai zuwa zai shiga tsarin Game Pass na Microsoft, inda mutum miliyan 25 suke biyan kuɗin wata su buga abin da suka ga dama. Idan ɗan kaso daga cikinsu ya sauke wasan, wa zai biya? Wannan tambaya ta tilasta wa Unity fitowa ya ce mai rarrabawa za a caja. Koke mai lamba ya samu amsa, ko da amsar ba ta gamsar ba.

Sai babbar wasiƙa ta haɗin gwiwa, wadda kamfanonin wasannin waya irin su Azur Games, Voodoo, Homa, SayGames da Century Games suka fara sa wa hannu, ɗaruruwa suka biyo baya. Ƙarfinta a aikin da ta zo da shi yake: masu sa hannu sun ce sun kashe tallace-tallacen Unity da na ironSource a cikin wasanninsu har sai an sake tunani. Babban kaso na kuɗin shigar kamfanin daga harkar talla yake zuwa, saboda haka sun taɓa shi a inda ke masa ciwo. Akwai kuma dalilin da ya sa suka zaɓi nan. Tun a sanarwar farko Unity ya ce wanda ya rungumi sauran hajarsa, har da ta talla, zai iya samun sassauci a sabon cajin. Da yawa sun karanta wannan a matsayin dabarar janye su daga abokin hamayyarsa a harkar talla, AppLovin, wanda ya taya Unity ɗin kansa a 2022 aka ƙi sayar masa.

Inda wasiƙar ta yi rauni shi ne wajen misalin da ta kafa hujja da shi. Ta kwatanta abin da mai ƙera mota da zai wayi gari ya ce zai riƙa cajin ka a kan kowace tafiya da ka yi da motar da ka saya bara. Misalin yana da daɗin ji, kuma ya yaɗu. Sai dai babu ɗaya daga cikin masu sa hannun da ya taɓa sayen Unity. Lasisi suka karɓa, wato izinin amfani bisa sharuɗɗan da mai kaya ya rubuta, ya kuma riƙe ikon sauyawa. A karkararmu an daɗe da sanin wannan bambanci. Wanda aka ara wa gona yana iya shuka hatsi da wake, ya girbe ya tafi, amma ba a yarda ya dasa itace ba, domin itace alamar mallaka ce, kuma ba ya tashi ranar da aka ce a tashi. Wasan da aka shafe shekara uku ana ginawa a kan inji itace ne. Ba a tumɓuke shi a kai wani inji sai an sake rubuta mafi yawansa. Misalin mota ya nuna masu wasiƙar suna magana da muryar masu gona, alhali takarda ta ce aro aka ba su. Da a kan wannan hujja kaɗai aka tsaya, lauyan kamfani zai rushe ta kafin shayi ya huce.

Hujjar da ba ta rusuwa tana cikin rukuni na uku. A watan Janairun 2019, bayan wata taƙaddama da kamfanin Improbable na Ingila, Unity ya yi wa masu amfani da shi alkawari a fili: idan aka sauya yarjejeniya, kana da damar ci gaba da tsohuwar muddin kana kan samfurin injin da ka fara da shi. Ya kuma ajiye yarjejeniyar a GitHub domin kowa ya riƙa ganin duk kalmar da aka taɓa. Daga baya aka sauke wannan ma'ajiya ba tare da shela ba, a Afrilun 2023 kuma aka cire sharaɗin daga yarjejeniyar. Wata biyar bayan haka sai ga sabon caji a kan tsofaffin wasanni. Mai gona da bakinsa ya ce ku dasa, ba zan tashe ku ba. Da itatuwa suka fara ƴaƴa sai ya zo da mudu.

Garry Newman, mai kamfanin da ya haɗa wasan Rust, ya rubuta cewa kuɗin ba zai karya shi ba, abin da ya ƙona masa rai shi ne ba a kan haka aka yi da su ba, ya kuma ce Rust na biyu ba a kan Unity za a gina shi ba. Mega Crit, masu Slay the Spire, sun ce sun shafe sama da shekara biyu suna gina sabon wasa a kan Unity, amma za su kwashe su koma wani inji, sai fa idan an janye tsarin gaba ɗaya, an kuma saka kariya a cikin yarjejeniya. Suka ƙara da cewa ba su taɓa fitar da sanarwa ga jama'a ba sai wannan karon. A ganina wannan ita ce mafi kyau a cikin duk wasiƙun. Gajeriya ce, ta faɗi laifin da sunansa, wato cin amana. Ta faɗi abin da take so cikin sharuɗɗa biyu da kowa zai iya tantance ko an cika su. Ta kuma faɗi abin da masu ita za su yi asara idan suka tafi, wanda ya sa barazanar ta yi nauyi. Ta rufe da ashar, wanda ba na jin ya ƙara mata komai, amma gininta daram yake. Kuma sun cika magana: da aka sanar da Slay the Spire na biyu a 2024, a kan injin Godot yake.

Akwai wata amsa da ba Unity aka aika wa ba, amma ta fi wasiƙu da yawa tasiri. Re-Logic, masu wasan Terraria, sun sanar da kyautar dala 100,000 ga Godot da wata 100,000 ga FNA, tare da dala 1,000 ga kowanne duk wata. Godot inji ne da Juan Linietsky da Ariel Manzur suka faro a Ajantina, aka saki rubutunsa na asali ga kowa a 2014 bisa lasisin da ya yarda ka ɗauka, ka gyara, ka sayar da abin da ka gina ba tare da biyan kowa ba. Babu mai iya sauya maka sharaɗi a kan abin da ka riga ka karɓa. Re-Logic sun gane cewa ɗan haya ba ya iya ja da mai gida sai akwai wani ɗaki a unguwar, sai suka kai tubali can.

Yanzu ga amsoshin kamfanin, domin su ma rubutu ne da ya cancanci a auna. Ta farko ta zo ranar 17 ga Satumba, gajeren saƙo da ke ba da haƙuri a kan ruɗani da damuwar da sanarwar ta jawo. Duk wanda ya yi aikin karanta sanarwa a rediyo ya san irin wannan ban-haƙuri. Idan ka ce an samu ruɗani, ka mayar da laifin kunnen mai sauraro ke nan. Masu haɗa wasa kuwa ba su ruɗe ba, sarai suka fahimta. Shugaban kamfanin na lokacin, John Riccitiello, bai da sauran yarda da zai ci a wurinsu: a wata hira a 2022 ya taɓa kiran waɗanda ba sa tunanin kuɗi tun farkon haɗa wasa wawaye, ya dawo ya ba da haƙuri. Ba shi ya sa hannu a wasiƙa ta biyu ba.

Marc Whitten, mai kula da sashen injin, shi ya rubuta ta ranar 22 ga Satumba. Ya buɗe da ban-haƙuri kai tsaye, ya ce ya kamata su tuntuɓi jama'a kafin su yi shela. Sannan ya jero gyare-gyare: masu lasisin kyauta ba za su biya komai ba, an kuma ɗaga iyakarsu daga dala 100,000 zuwa 200,000, wasan da bai kawo dala miliyan 1 cikin wata 12 ba babu ruwansa, cajin zai fara ne daga samfurin injin da zai fito a 2024, tsofaffin wasanni sun tsira, mai biya zai biya wanda ya fi sauƙi tsakanin kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin shiga da lissafin sababbin masu bugawa, kuma shi zai kawo alƙaluman da kansa. An dawo da damar zama kan sharuɗɗan samfurin da kake amfani da shi. A matsayin gyara, wasiƙar ta amsa kusan duk tambayoyin lissafi. A matsayin ban-haƙuri ta tsallake abu ɗaya. Ta nemi gafarar rashin tuntuɓa, ba ta yi bayanin dalilin cire alkawarin 2019 a ɓoye ba. Wanda aka yi wa alkawari aka saɓa, aka sake yi masa irinsa, yana da haƙƙin tambayar me ya bambanta na biyu da na farko.

Me ya sa aka saurari waɗannan? Sai mu duba wasu koke biyu. A Maris na 2005, sama da mutum 100 daga cikin ƙwararrun da Microsoft da kansa ya ba lambar yabo suka sa hannu a takardar roƙo, dubbai suka biyo su, suna neman kamfanin ya ci gaba da raya Visual Basic 6, harshen haɗa manhaja na 1998 wanda magajinsa na 2002 bai iya ɗaukar tsofaffin ayyukansu ba sai da gagarumin gyara. Takardar ta yi ladabi, ta kawo hujjoji masu kyau. Microsoft ya ce a'a. Masu roƙon ba su da inda za su da ayyukansu, kamfanin kuma ya sani. Koke na biyu ya faru wata ɗaya kafin na Unity. Ranar 10 ga Agusta, 2023, HashiCorp ya sauya lasisin Terraform, manhajar tsara manyan kwamfutocin intanet, daga buɗaɗɗe zuwa mai ƙuntatawa. Masu amfani suka rubuta takarda: ko a dawo da tsohon lasisi, ko su kwafi samfurin ƙarshe da ke buɗe su ci gaba da nasu reshe. Kamfanin bai janye ba, su ma ba su jira ba. Ranar 20 ga Satumba gidauniyar Linux ta karɓi reshen da sunan OpenTofu.

Idan aka jera ukun, abin da ya raba su ya fito fili. Mutanen Visual Basic suna da hujja, ba su da ƙofar fita, aka bar su da takardarsu. Mutanen Terraform ƙofarsu a buɗe take tun asali, amsar kamfani ba ta ma dame su ba. Mutanen Unity suna tsakiya: fita tana da tsada, amma tana yiwuwa, ga Unreal ga Godot, ga kuma famfon talla a hannunsu. Iya rubutu ya taimaka wajen tara jama'a da fayyace buƙata, amma nauyin kowace wasiƙa daidai yake da abin da mai ita zai iya yi idan aka ƙi amsa masa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ranar 9 ga Oktoba, 2023, kwana 27 bayan sanarwar, Riccitiello ya sauka. A Janairun 2024 kamfanin ya sallami kimanin ma'aikata 1,800, kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa. Ranar 12 ga Satumba, 2024, shekara ɗaya cif, sabon shugaba Matt Bromberg ya soke cajin saukewa kwata-kwata, ya ƙara kuɗin lasisi: kashi 8 cikin 100 ga matsakaita, ya koma dala 2,200 a shekara kan kowane ma'aikaci, kashi 25 ga manya. Nasara ce, babu shakka. Amma a lura da waɗanda suka ci ta. Muryoyin da suka yi amo na masu miliyoyin mabiya ne da masu famfon talla. Matashin da ya kwashe shekara biyu yana koyon Unity a ɗakinsa, a Akara ko Legas ko Yamai, ya tsira ne a inuwarsu. Da manyan sun samu rangwame a bayan fage sun yi shiru, da babu mai jin nasa kukan. Kuma har yau injin na kamfani ne, kamfanin kuma yana da masu hannun jari da suke jiran riba.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. To, ya duba inda yake ajiye nasa aikin. Ma'aikatan rediyo sun san labarin Cool Edit, manhajar gyaran murya da Adobe ya saya a 2003 ya mayar da ita Audition, a 2013 kuma ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sai dai haya. Marubuta sun san na OkadaBooks, kantin littattafan intanet na Najeriya inda marubutan Hausa da dama suka zuba ayyukansu, wanda ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara 10. A can ma babu wanda za a rubuta wa koke, domin gonar ce kanta ta tafi. Wanda duk masu karatunsa suke Facebook ko Wattpad, wanda duk muryoyin da ya naɗa suke YouTube, yana dashe ne a irin wannan fili.

Ba a ce kowa ya guji aro ba. Wanda ba shi da gona dole ya ara, kuma dubban mutane da ba su da jarin gina inji sun ci abinci da Unity. Darasin wasiƙun nan shi ne a yi tambaya tun ranar karɓar aron: wa yake da ikon sauya sharaɗi, sauyin zai shafi abin da na riga na gina, idan na tashi tafiya me zan iya ɗauka? A ajiye kwafin aiki a inda babu mai rufe maka shi. A san hanyar da za a iske masu karatu ko masu sauraro idan dandali ya ɓace. A tallafa wa kayan aikin da suke na kowa tun kafin buƙata ta taso, kamar yadda Re-Logic suka yi. Idan kuma ranar rubuta koke ta zo, a yi irin na Mega Crit: a kira laifin da sunansa, a faɗi abin da ake so yadda za a iya tantancewa, a kuma tabbata cewa abin da aka ce za a yi, ana iya yin sa.